Duba-gari da Makahon Kifinsa

Sau uku Malam Na'Allah yana kifar mini da randa. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce maƙwabtaka ce ta sa nake yabonsa. Zana ɗaya ce tsakanin gidansa da namu a Kontagora, matarsa Hadijatu tana aron turmina, ni ina aron rariyarta, amma ranar aiki in ya shigo da gajeren wandonsa na kaki da dogon ludayinsa, sai ki rantse bai taɓa ganina ba a duniya.

Duba-gari ne. Yaran yanzu ba su san su ba. Ma'aikatan lafiya ne da ke bi gida-gida suna leƙa randa da kwata da bayan ɗaki, in suka ga tsutsar sauro a ruwanki su zubar da shi, wani lokacin har da sammaci. Na'Allah ya shiga aikin a shekarar da aka sami 'yancin kai. Ɗan wani mai ɗinkin hula ne, kuma an ce zazzaɓi ya ɗauke ƙannensa biyu a damina ɗaya, shi ya sa bai ɗauki sauro ƙwaro ba, abokin gaba ya ɗauke shi. Dogo ne siriri, ba ya dariya a bakin aiki, a gida ma sai da dalili. Zai tsoma ludayi a randa, ya ɗaga shi saitin rana, ya ƙura masa ido. In ya ce "Uhm", to ki fara neman guga, don ruwan da kika wuni kina ja daga rijiya ya zama na ƙasa.

Ni ce Tabita, mutuniyar Nasko, mai tuyar ƙosai a bakin tasha. Ba a san ni da haƙuri ba. A karo na uku na gaya masa maganar da sai da mijina ya sa riga ya je ba da haƙuri.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Na'Allah ya je duba gidan wani malami Ba'indiye da ke koyar da kimiyya a wata makaranta ta bayan gari. Ya tarar da ruwa zaune cikin wata babbar kwalba a kan tebur, ba murfi. Har ya ɗauka zai watsar, malamin ya riƙe masa hannu. Ashe kifi ne a ciki, bai fi babban yatsa ba, ja wur, jelarsa tana bajewa kamar babbar riga. Malamin ya ce sunan irinsa beta, daga can ƙasashen gabas ake kawo su, kuma mafaɗata ne, ba a haɗa maza biyu a kwalba ɗaya. Ya kanga masa madubi, kifin ya kumbura wuya zai yi dambe da kansa. Wannan bai burge Na'Allah ba. Abin da ya burge shi shi ne da malamin ya karɓi ɗan ruwan da Na'Allah ya kamo a wani gida ya ɗiga a kwalbar, kifin ya bi tsutsar sauro ɗaya bayan ɗaya ya haɗiye. Hadijatu ta ce ranar ya dawo gida yana murmushi, har ta tambaye shi ko lafiya.

Da malamin zai koma ƙasarsu bayan shekara guda, sai ya bar masa kifin da gwangwanin busasshen abincinsa. Na'Allah ya raɗa masa suna Abokin Aiki. Ya ajiye shi a kan kanta kusa da taga, yana yi masa sallama in zai fita. Mutumin da ba ya gaishe ni da kyau, ga shi yana tambayar kifi yaya kwana.

Wajen ƙarshen damina ta biyu kifin ya fara ciwo. Wani farin abu ya rufe masa ido ɗaya, sannan ya kama ɗayan. A kanga masa madubi, ko gezau. A jefa masa abinci, ya kai cafka gefe guda abincin yana wani gefen, har ya nutse ya ruɓe a ƙasa. Gwangwanin ma ya ƙare. Hadijatu ta gwada garin gero, ta gwada gwaiduwar ƙwai, ni ma na miƙa ɓarɓashin ƙosai ta kan zana, ba don shi ba, don Hadijatu. Duk a banza, ruwan kawai suka ɓata. Kifin ya rame, jelar ta tsuke, ya koma kwanciya a gindin kwalba.

Na'Allah ne ya gano dabarar, don shi mutum ne mai ƙura wa abu ido. Ya lura kifin ba ya gani, amma yana jin motsi a ruwa. Sai ya mai da shi cikin faffaɗan kwano marar zurfi don kada ya sha wahalar tasowa shaƙar iska. Kullum da safe zai taɓa ruwan da tsinken tsintsiya a gefe ɗaya, koyaushe gefen nan, har kifin ya lallaɓo. Sannan ya ɗauko tsutsar sauro mai rai da gashin kaza ya sake ta dab da bakinsa. Kifin zai kuskure sau uku, a na huɗu ya kama. Tsutsa biyar takan ci musu rabin awa, shi kuwa yana tsugune yana cewa, "Hagu kaɗan, Abokin Aiki. Hagu na ce."

Daga nan aikinsa ya sake salo. In ya sami tsutsa a randarki, sai ya fara ɗibar ta a hankali cikin kwalba kafin ya zubar da ruwan. Mu mata muka ɗauka shaida yake tarawa ta kai wa alƙali, tsoro ya ƙaru. Ga kuma rani ya shigo, kududdufai sun ƙafe. Na'Allah ya zaga unguwa kaf, kowace randa fes, kowane tulu da murfi. A ofis ana ta yabonsa, wai unguwarsa ta fi kowace tsabta a gari. Kwana huɗu yana dawowa da kwalba wayam.

A rana ta biyar, bayan la'asar, ina wankin wake na ji gyaran murya a jikin zana.

"Uwar Rachel, kina kusa?"

Rachel 'yata ce ta fari. Shekara goma muna maƙwabtaka bai taɓa kirana da sunan nan ba, "mai gidan nan" yake ce mini.

Na ce, "Randata a rufe take, Malam."

"Na sani. Abin da ya kawo ni ke nan." Ya rage murya. "Ko kina da tsohuwar tukunya da ba ki amfani da ita? Ki zuba mata ruwa da busasshen ganye, ki ajiye bayan madafa. Kada ki rufe."

Na ajiye ƙwaryar wake na matso. "Ban ji ba. Kunnen nan nawa hayaƙi ya lalata shi."

Ya maimaita. Na sa ya sake maimaitawa, don daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba ko a Kirsimeti. Ya ce a gidansa ba zai yiwu ba, yaran ofis suna shigowa kowace safiya, kuma Hadijatu ta rantse ba za ta yi kiwon sauro a gidan duba-gari ba. Na ce sai na ga marar lafiyar tukuna.

Na shiga da niyyar yin dariya, amma ban yi ba. Ɗan abu ne kwance a gefen kwano, idanunsa fari fat, yana buɗe baki a hankali. Na'Allah ya taɓa ruwan da tsinke, kifin ya ja jiki ya zo wurin da ya saba, ya jira, ba komai a gashin kazar. Ya kai cafka a ruwa tsura. Tausayi ya kama ni, na kifin da na mai kifin. Kafin magariba tukunyata tana bayan madafa, baki buɗe.

Sai da aka yi mako kafin tsutsa ta fito. A tsakani da ƙananan gara aka riƙe ran kifin, ɗaya a rana in ya ga dama. Da ta fito kuwa, kullum da sassafe ludayin gwamnati yana leƙowa ta kan zana, ni ina cika shi. Kifin ya murmure, jelar ta fara buɗewa. Ganin dai bai dawo ba.

Wata biyu muna haka, sai ga wani babban jami'in lafiya daga Sakkwato, ya zo ganin unguwar da ake ta yabo. Shi da kansa yake zaɓar gidan da za a shiga, Na'Allah na biye da ludayi. Ba wanda ya gaya mana zai zo. Ina cikin jajjage na ji sallama, kafin in tashi har sun duba randa sun zagaya bayan madafa.

Jami'in ya nuna tukunyar da sandarsa ya ce, "Tsoma."

Na'Allah ya tsoma ya ɗaga. Ba sai an kai shi saitin rana ba, ludayin baƙi ƙirin yake, yana wutsil-wutsil.

"Rubuta wa matar nan sammaci."

Na kama bakina, abin da ban saba ba. A raina na ce in je gaban alƙali a yi mini faɗa, ba yau aka fara ba, shi kuwa shekara goma sha huɗu yana gina sunansa. Na'Allah ya ciro littafi, ya ciro fensir daga bayan kunne, ya tsaya yana kallon takardar.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "tukunyar tata ce, amma tsutsar tawa ce. Ni na roƙe ta."

Jami'in ya ɗauka zafin rana ne ya taɓa shi. Sai da aka kai shi gaban kwano aka ciyar da kifin da tsinke da gashin kaza ya gani da idonsa. Daga baya direbansa ya ce jami'in bai yi dariya ba sai da suka bar gari, daga nan kuwa har suka yi nisa bai daina ba. Amma doka doka ce. Na'Allah da hannunsa ya kifar da tukunyar, aka karɓe ludayin, aka mai da shi mahauta duba nama. Ba shiga gidaje, ba tukunya, kuma an ce za a riƙa leƙa gidana da nasa kowane mako. Da yamma na hango shi ta zana tsugune gaban kwano, tsinke a hannu, bai taɓa ruwan ba don kada kifin ya taso a banza.

Ni dai ba na iya riƙe magana. Washegari duk wadda ta sayi ƙosai sai da ta tafi da labarin kyauta.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Hadijatu ta kira ni ta kan zana ta ce in zo in gani. A ƙofar gidansu Inna Fure ce tsaye, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a unguwa, riƙe da gwangwanin madara. Bayanta Salome matar kafinta da ƙoƙo, Barakatu mai kitso da kofi, da wasu mata wajen takwas, kowace ta rufe abinta da gefen zane. Na'Allah ya fito ya leƙa gwangwanin Inna Fure. Cike yake da tsutsa, manya-manya.

"Inna, daga ina?"

"Daga tulun da ke ƙarƙashin gadona, ɗana."

"Tun yaushe yake can?"

"Tun ranar da ka fara aiki. Ƙafata ba ta kai ni rijiya kullum, kai kuma ba ka da tausayi."

Salome ta ce nata yana cikin rumbu. Barakatu ta ce nata a akurkin kaji yake, ta kifa masa kwando. Wata ta ce ita in ta hango kakinsa daga nesa, miƙa wa maƙwabciya take yi ta katanga, in ya fita a dawo mata da shi. Suna faɗa suna dariya, ni ma na fara, sai na dubi fuskarsa na daina. Mutum ne da ya yarda har zuciyarsa cewa ya kori sauro daga unguwar nan, don kada wata uwa ta binne yara biyu a damina ɗaya. Yanzu ga mata goma sha ɗaya a ƙofarsa, kowace ta kawo masa shaida da hannunta cewa bai kore shi ba. Kuma sun kawo ne don suna ƙaunarsa. Ya zauna a dakali kamar wanda ya sauke buhu.

Can ya ce, "Inna, ruwan nan kike sha?"

"Shi nake sha."

"Ki tace shi da ƙyalle, ki wanke tulun, ki rufe. Ku duka, don girman Allah, yau ɗin nan. Ba ni da ludayi, ba ni da sammaci, roƙonku nake yi."

Ba wadda ta yi dariya. Inna Fure ta gyaɗa kai ta ce, "To, shi kuma makahon fa?"

Na'Allah ya dubi gwangwanin, ya dubi ƙofar ɗakin da kwanon yake. 

"Wannan da kuka kawo zai kai shi 'yan kwanaki," ya ce. "Bayan haka Allah ya san yadda zai yi da bawansa."

Inna Fure ta miƙa masa gwangwanin. "Mun ji. Za mu rufe duka ban da ɗaya, shi ma za mu ɗaure masa ƙyalle a baki da zarar tsutsa ta fito. Kada ka tambayi a gidan wa yake."

Bai tambaya ba. Wata bakwai kifin ya ƙara a duniya, kowace safiya ana samun gwangwanin madara a dakalin Na'Allah, shi kuwa har ya rasu bayan shekara ashirin, in ya biyo layinmu ƙasa yake kallo don kada ya gane gidan da aka bar tulun.