Kira Ɗaya Kafin a Ɗauke Sabis

Baba Injiniya ake ce masa a ofis, har manajan da ke sa masa hannu a takardar hutu. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana hawa turakun sadarwa, sai da gwiwa ta ce ta gaji aka ba shi kujera a ɗakin sa ido, gaban allunan da ke nuna lafiyar kowace eriya.

Yana da wata ɗabi'a mai ƙona wa manaja rai. Ba ya rufe eriya, ko don gyaran minti goma ne, sai ya kira wani mazaunin wajen, mai shago ko ungozoma ko direban haya. "Za mu ɗauke sabis. Akwai mai lalura a wajenku?"

Da kamfani ya kawo manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, Baba bai yi gaba da ita ba. Gaskiya, manhajar ta fi shi ido, kuma ba ta gyangyaɗi bayan azahar. Ita ke raba cunkoson kira, ita ke zaɓen eriyar da za a hutar. Sai dai ba ta rufe ko ɗaya sai Baba ya yi kiransa ya danna amincewa. Saura wata guda ya yi ritaya, manaja ya tara ma'aikata don a cire wannan mataki.

"Baba, lissafinta bai taɓa kuskure ba," in ji manaja. "Inda babu masu kira take zaɓa. Kai kake ja mana lokaci."

Sai Baba ya ɗauko wani labari da bai taɓa ba kowa ba, har matarsa.

"Ranka ya daɗe, ni ma akwai ranar da lissafina bai yi kuskure ba. Kira biyu kacal na gani a wata eriya cikin awa guda, na rufe ta na minti arba'in. Bayan kwana uku wani manomi ya zo bakin ƙofa. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce maciji ya sari ɗansa a gona, ya yi ta neman mai mota, waya ta ƙi shiga. So yake kawai ya ga fuskar wanda ya ɗauke sabis ɗin."

Sai manaja ya ce a bar matakin, kuma duk wanda ya gaji kujerar ya ci gaba da kiran. Da mutane suka watse, manaja ya rage murya.

"Yaron fa, Baba?"

"Da yana nan, da yanzu ya isa aure."