Shekarar da Doki Ya Lashi Bango

A shekarun da muke zaune a unguwar Awali ta Madina, aikin maigidana kula da doki ne, guda ɗaya tak. Dokin na mai gonar dabinon da ya yi mana iƙama ne, wato takardar izinin zama, wani dattijo ɗan Madina da kowa ke ce wa Ammi. Ɗakunanmu biyu suna jikin katangar gonar, bargar kuma tana bayan madafata. Ko atishawa dokin ya yi ina ji.

Dokin yana da abin da mu ba mu da shi, wato inshora, ta'amin suke cewa a can. Wani kamfani a Jidda ya rubuta cewa idan ya yi ciwo su za su ɗauki nauyin likita. Maigidana ya ce shi mai 'ya'ya huɗu ba wanda ya taɓa rubuta masa irin wannan takarda. Na ce ai shi ba sayo shi aka yi ba.

Wata biyar bayan Hajji, doki ya sake hali. Ya kama lasar bango har ya yi rami a ginin laka. Ya gaigaye bakin kominsa. Da maigidana ya shiga barga sai ya cafki aljihun rigarsa. Sau uku na ɗinke aljihun a mako guda. Ran nan ya cafki aljihun Ammi da kansa, a gaban baƙi.

Aka kira likitan dabbobi, wani Basudane dogo. Ya duba haƙora, ya saurari ciki, ya ce sai ya dawo ran Asabar ya ɗebi jini a kai gwaji. Ammi ya miƙa wa maigidana takardar kamfanin, ya ce, "Ya hajji, kai a karanta maka. Lafiyayye na ba ka shi. In ciwo ne, daga Allah ne. In hali ne, daga hannunka ne, sai in nemi wani." Mu kuwa mun sani, in aiki ya tafi, iƙama ta bi shi.

Lokacin ina shekara ta uku a ajin yaƙi da jahilci na bayan la'asar. Kwana biyu ina bin takardar da yatsa. Abin da ta ƙunsa shi ne: idan gwaji ya gano cuta a jiki, nauyin gwajin yana kan kamfanin. Idan bai gano komai ba, to hali ne, hali kuwa ba ruwansu da shi.

"To, ke mai karatu, me suka ce?"

"Sun ce mu yi addu'a dokin ya zama ba shi da lafiya."

"Subhanallahi."

"Haka suka ce, Malam, sai dai su a shafi uku suka faɗa."

Ran Alhamis da hantsi na ɗora miyar kuɓewa, na sa hannu a buhun kanwa na bayan ƙofa, na tuna ya daɗe da ƙarewa. Na tsaya da ludayi a hannu ina jin dokin yana kankarar bango.

Duk shekara alhazan Damagaram sukan kawo wa maigidana ɗan buhun kanwa. Yakan marmasa wa dokin a ruwa kamar yadda ya ga mahaifinsa na yi, ya kuma ajiye gutsure a aljihu. Bai taɓa gaya wa Ammi ba, don bai ɗauka abin faɗa ne ba.

Da ya shigo cin abinci na ce, "Malam, yaushe rabon dokin nan da kanwa?"

"Wata biyu ke nan. Buhun bana bai yi albarka ba."

"Ya yi albarka. Ɗanwaken nan da kake ta yabawa, da shi ne."

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Wato ni na cinye rabon dokin."

"Da kai, da yara, da matan unguwar Aƙiƙ da suka zo barka. Kowace na ƙulla mata."

Washegari na tafi Aƙiƙ, gida gida, ina roƙon kyautar da na yi da hannuna. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Wata tsohuwa Bakanuwa ta ce, "Ke 'yar nan, a garinmu mutum ke ci ya rage wa dabba. Ku naku dokin har bin sawu yake aikowa?" Ta gama tsiyarta, ta kwance bakin mayafi ta ba ni dunƙule kamar ƙwan kaza.

Maigidana na gani ya miƙe zai nufi barga. Na riƙe masa hannun riga. Na ce in ya warke yau, gobe me likita zai gano? Ya dawo ya zauna. Dokin ya ƙara yini guda yana cin bango.

Ran Asabar likita ya ɗebi jininsa tukuna, sannan maigidana ya buɗe tafin hannu da kanwar a ciki. Saura kaɗan dokin ya haɗa da yatsu. Likita ya karɓi ragowar ya sansana, ya yi dariya, ya ce raƙuman kakansa ma in aka hana su wannan haka suke haukacewa. Ya rubuta ƙarancin gishiri a jiki, ya ce wannan cuta ce, ba hali ba. Gwaji ya dawo bai ƙaryata shi ba, kamfani ya karɓa.

Ammi ya ce, "Ya hajji, me ya hana ka gaya min kana ba shi wannan abu?"

"Ammi, ai ruwa ma ina ba shi, ban taɓa gaya maka ba."

Hajjin da ya biyo baya buhu biyu aka kawo mana. Maigidana ya ba ni ɗaya, ya kai ɗaya barga ya sa kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihun nan da na ɗinke sau uku. Nawa ya riga ƙarewa. Ban tambaya ba, shi ma bai yi tayi ba.