Masu Ibadar da Ba Sa Dariya

A shekarun da ake rufe birnin Douala saboda rikicin siyasa, ba mota, ba kasuwa, pastonmu ya kasa ƙetaro gada daga unguwar Bonaberi. Mu 'yan Arewa Kirista da ke unguwar New Bell muka koma taruwa a tsakar gidanmu da zarar maƙwabta sun idar da sallar magariba. Tsarin ba ya canzawa: da farko waƙa, sannan karatu, sannan addu'a, daga ƙarshe tatsuniyar Kaka Rahila, mahaifiyar babana, a gefen murhun gawayi.

A cikin wannan rikici ne yayana Iliya ya fita bai dawo ba. An duba asibiti, an duba wurin jandarma, shiru. Baba ya daina cewa amin. Wata Lahadi ya ce wa jama'a, "Daga yau kowa ya nemi wani gida. Ni na gama."

Warin tayar da aka ƙona yana shigowa, karnuka ma sun yi tsit. Kaka ta gyara zama, ta buɗe tatsuniya.

"Ga ta nan ta iso, ku matsa mata."

Ta ce akwai wani malamin bishara da mutanensa suka watse, ya rage shi da wata tsohuwa. Wata safiya ya tarar da majami'a cike da baƙi. Ba sa makara, ba sa tari, ba sa gyangyaɗi. Sun san kowace waƙa, amma ko ƙuda ya sauka a idonsu ba sa ƙiftawa. Malam ya yi murna, ya ce bai taɓa samun jama'a masu ladabi haka ba.

Abin da ya biyo baya bai dace da bakin dattijo ba, amma haka ta faɗa. Ran nan Malam ya sunkuya ɗaukar Littafi, sai tusa ta kuɓuce masa. Kaka ta kumbura kumatu ta yi ƙarar da bakinta. Ta ce tsohuwar nan ta yi dariya har ta faɗo daga benci. Sauran kuwa ko gezau, suna kallon gaba. A nan Malam ya lura da jar ƙasar kabari a bayan kunnuwansu. Ya kama hannun tsohuwa suka fita da baya da baya.

"Matacce ya iya waƙa," in ji Kaka, "ya iya durƙuso. Dariya ce kawai aka binne shi babu ita. Bari in duba tawa jama'ar."

Ta ɗauki fitila tana bin mu ɗaya bayan ɗaya. Ta haska fuskar mutum, ta leƙa bayan kunnensa, ta yi masa ƙarar. Yara suka fara fashewa, sannan mata, sannan maza. Ta isa kan Baba a bakin ƙofa. Ta yi ƙarar. Fuskarsa ba ta motsa ba, idonsa bai ƙifta ba. A hasken nan ban gane ubana ba.

"Kai, na bakin ƙofa," in ji ta, "ni na haife ka, ni ce kuma ba zan binne ka kana zaune ba."

Ta sake yi, ta ja shi da tsawo har numfashinta ya ƙare ta hau tari. Kafaɗar Baba ta girgiza. Dariya ta ƙwace masa, ta juye kuka, kukan da bai yi ba tun ɓatan Iliya. Da ya lafa ya share fuska ya ce, "Inna, ba ki da kunya. Ku zo Lahadi."

Iliya bai dawo ba. Taron kuwa ya ci gaba.

Yau ni dattijon ikkilisiya ne, an kuma san ba na son hayaniya a ɗakin sujada. Amma duk ranar da na ga jama'a sun cika natsuwa, ba mai tari, ba yaron da ke tsokanar ɗan'uwansa, ba na murna. Tsoro nake ji, har sai wani ya yi dariya.