Yadda Waya Ta Raba Ni Da Sukarin Sani

Na daɗe ina jin ana cewa wai wayar zamani ɗaki-ɗaki ce, kuma ko ka shige naka ka ja ƙofa, mai babban ɗaki yana can yana aikinsa ba ka gani. Na ce hirar cikin danfo ce kawai.

To, jiya da hantsi ina kan bencin Sani mai shayi, nan Agege. Tun da likita ya hana ni sukari, 'yata Rabi ta raba wayata biyu, ta riƙe ɓangaren da ke juya komai, ta bar mini ƙaramin. Ni a zatona, muddin ina nawa ɗakin, nata barci yake yi.

Sani ya ɗebo cokali na biyu ke nan, sai waya ta yi ƙara.

"Baba, kana ina?"

"Hanyar masallaci, uwata."

"Baba, taswira ta nuna mini hanyar masallacin nan ta tsaya cak a teburin mai shayi. Miƙa wa Malam Sani."

Ban ji abin da ta ce masa ba. Na dai ga yana "to, Anti, to, Anti," ya mayar da sukarin cikin gwangwani, ya zuba mini wani shayin, ko ɗigon zaƙi babu. Na shanye ina hararar waya.

Ku da 'ya'ya suka saita muku waya, haka kuke fama? Ni dai na gaskata zancen. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe Sani ne, yana ɗauraye kofi: "Alhaji, yi haƙuri. Ni ma babban ɗakin tawa yana hannun matata."