Jajen Kifin Alhaji Gidaɗo

Duk wanda ya zauna Mabera zamanin soja, lokacin da kuɗin man fetur suka fara juya kan mutane, ya san Hannatu mai ƙanƙara. 'Yar Zuru ce. Aure ya kawo ta Sakkwato, ita da mijinta Malam Barnabas, malamin firamare, suka kama haya a wani sashe na gidan Alhaji Gidaɗo ɗan kwangila. Da aka biya kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, abokan aikinsa suka ruga sayen babur, shi kuwa ya sayo mata firji. Bai daɗe ba ya rasu. Firjin nan shi ya ci gaba da ciyar da ita da 'ya'yanta, su Ayuba.

Katanga ɗaya ta raba mu, don haka ba labari aka ba ni ba. Mace ce marar hayaniya, sai tsabta kamar me. Ba ta azumi, amma rabin unguwa da ƙanƙararta da zoɓonta muke buɗa baki.

Ana nan Alhaji ya je Ikko, ya ga wani akwatin gilashi cike da kifayen teku a falon wani Bature, ya ce shi ma sai ya ajiye. A Sakkwato fa! Garin da ruwan randa ma ke neman agaji. Aka kawo abin da tarkacensa: injin hura iska, injin tace ruwa, injin sanyaya ruwa, fitilu, har da buhun gishiri na musamman. Duk aka cusa su a soket guda, a kan tsohuwar wayar da ta ratsa rufin ɗakin Hannatu, don mita ɗaya ce a gidan. Kifayen nan ba a ci, ba a sayarwa. Kallo kawai.

Daga ranar fis ya fara ƙonewa. Shi fis aikinsa ke nan, ya ƙone kafin gida ya ƙone. Amma Alhaji ya ɗauka raini ne. Ya sa direbansa Sule ya cire siririyar wayar, ya ɗaura mai kauri kamar ta shanya. Wuta ta daina ɗaukewa, kowa ya yaba wa Sule.

Hannatu ce ta fara jin ƙaurin roba. Ta je ta durƙusa ta ce, "Alhaji, bangon ɗakina zafi yake yi, ko hannu ba ya taɓuwa."

Ya ce, "Matar Malam, mi kika gani ga garin ga da ba shi zahi? Tahi abinki."

Ta koma. Ina za ta kai ƙara, tana cikin gidansa?

Ana tsakiyar azumi, da la'asar, ta fita sayen sukari, wuta ta tashi a rufin. Muka taru da ƙasa da bokitai muka kashe, bayan an sauke layin lantarkin. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma firjin ya narke ta baya, ya zama gwangwani. Sashen Alhaji ko hayaƙi bai shiga ba, sai dai da injuna suka tsaya, kafin washegari kifayen duk sun juya ciki sama.

Abin da har gobe yake ci mini rai shi ne jajen. Motoci suka cika layinmu. Manyan mutane da manyan riguna suna shiga falo suna cewa, "Ashe abin da ya hwaru ke nan? Allah shi maida alheri." A kan kifi! Ta gaban ƙofar Hannatu suke wucewa, tana zaune cikin toka tana tsince kwanoninta, ba wanda ya ko waiga.

Da yamma ta wanke fuska, ta yafa gyale. Na ce, "Ina zuwa, Maman Ayuba?" Ta ce mai gida ya yi hasara, ba ta isa ta ƙi leƙawa ba. Na bi ta, raina a ɓace.

Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Alhaji, ya muka ji da wannan abu? Allah ya kiyaye gaba."

Ya ce amin, idonsa na kan akwatin da babu komai ciki sai ruwa. Can ya duba agogo, ya dubi baƙinsa, ya juyo.

"Yawwa, Matar Malam. Ga magariba ta yi kusa. A kawo muna ƙanƙara."