Warin Albasa A Hannuna

Ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare a Illela abin ya same ni. Yarinya ce ni mai surutu, har Inna kan ce bakina ba ya hutu. Babana manomin albasa ne daga ƙauyen Araba, kuma kafin in sa kayan makaranta ni ke taya Inna tsince ruɓaɓɓu daga masu kyau. Ban san ina wari ba sai ranar da na miƙa wa wata 'yar ajinmu biro, ta toshe hanci da hijabinta. Aji ya kwashe da dariya. Daga ranar sunana ya koma Ruɓaɓɓiya. Lokacin hutun tara kowace yarinya na cin kwano ɗaya da ƙawayenta, ni kuwa ba mai sa hannu a nawa.

Sai na shiga dirje hannuwana da toka da yashi a bayan ɗaki, har tafin ya tsattsage. Surutun ya mutu. Kowace safiya cikina na murɗawa, ciwo na gaske, ba ƙarya ba. Aka ba ni jiƙo, aka karɓo mini rubutu, Baba ma ya fara cewa in makarantar ba ta karɓe ni ba a bar ta. Wallahi na so a bar ta, ni da nake burin zama malamar asibiti. Na kasa faɗa, don kunya nake ji in ce sana'ar da ke ciyar da mu ce ta jawo mini.

Jajibirin Sallah Inna ta kama hannuna za ta ƙunsa mini lalle, sai ta tsaya cak. Ta tambaye ni mi ya cinye mini hannu haka. Na fashe da kuka, na zayyana mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ture lallen, ta shafa mini man kaɗe, ta ɗora tafina a hancinta ta daɗe, ta ce ita ƙamshin ɗiyarta kawai take ji. Bayan Sallah ta yafa mayafi ta je ta sami malamarmu. Malama ta ja kunnen ajin, ta mai da ni kusa da wata 'yar ƙauyen Gidan Katta. Ashe su ma albasa suke nomawa, ɓoyewa take yi don tsoro. Ranar ta sa hannu a kwanona, har yau aminiyata ce.

Yau ina aikin jinya, ina da 'ya'ya. Iyaye, don Allah in yaro mai surutu ya yi shiru, kada ku tsaya ga jiƙo kaɗai, ku jawo shi jiki ku tambaye shi. Ku ma masu tsokana ku ji tsoron Allah, abin ba ya ƙarewa a aji. Hannuna ya daɗe da warkewa, amma har yanzu kafin in miƙa wa mace hannu mu gaisa, sai na faki ido na sansana shi.