Sa Hannun da Na Jinkirta wa Surukina Ingvar

Mu duka na Allah ne, kuma wurinSa kowa zai koma. A ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Ingvar Söderlund a wani asibiti da ke Shkodra, garin da ke tsallaken iyakar ƙasarmu, yana da shekara saba'in da tara. Shi ne mijin yayata, marigayiya Lirije. Mutumin Sweden ne, amma shekaru goma sha huɗu na ƙarshen rayuwarsa a nan Ulcinj ya yi su, a saman benen gidan mahaifinmu, kuma tun daga mai gidan burodi har zuwa limamin unguwa ba mai kiransa da wani suna sai Suruki. Ni Sabri, ƙanin matarsa, ni na tsallaka da shi iyaka a motata, kuma ni ne sanadin da bai dawo gida da ƙafarsa ba.

Yaya Ingvar, ina ɗan shekara sha tara aka fara jin sunanka a gidanmu. Lirije ta rubuto daga birnin Malmö na Sweden, inda ta tafi aikin masaƙa, cewa za ta auri wani ma'aikacin gidan waya. Inna ta ce ita ba ta haifi 'yar da za ta kawo mata baƙo ba. Ka musulunta kafin ɗaurin aure, ka koyi harshenmu daga bakin matarka, amma duk da haka shekara da shekaru in kun zo hutu Inna ba ta amsa gaisuwarka sai da ɗaga kai. Ban taɓa ganin ka ɓata fuska ba. Da kuka yi ritaya kuka dawo gaba ɗaya, ka tarar ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Kai ne kullum da safe kake sungumarta ka sauko da ita matakala goma sha bakwai, ka zaunar da ita gindin inabi ta sha rana, ni kuwa da na fito daga cikinta ina fama da cewa bayana na ciwo. Wata rana na ji tana gaya wa maƙwabciya wai dogon nan ya fi 'ya'yan cikinta amfani, illarsa ɗaya har yanzu kofinsa kamar ruwan wanke tukunya. Ka ji ta, ka yi dariya, washegari ka sake kawo mata irinsa.

Aikin gidan waya ya bar maka ɗabi'ar da mu nan ba mu da ita: ba ka makara, ba ka manta kwanan wata. Shi ya sa tsofaffin da suka baro ƙasashensu suka zo ƙarasa rayuwa a bakin tekunmu, Jamusawa da Turawan Ingilishi da sauransu, duk suka mai da kai madogara. Kowace Talata kana zaune a shagon kofi na bakin kasuwa da jakar takardunka, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan izinin zamansa ya kusa ƙarewa, wannan bai san kwana nawa suka rage masa kafin dole ya fita ƙasar ya sake shigowa ba, wancan banki ya rufe masa asusu. Kai za ka ƙirga musu kwanaki da fensir, ka cika musu fom, ka raka su ofis ka yi musu tafinta. Wanda tsallaka iyaka ta kama, ka sa shi a mota ka kai shi Shkodra, ya ci abincin rana, ka dawo da shi da sabon tambari a fasfo. Ba ka karɓar komai, ko kuɗin mai.

Ba zan manta da Hannelore ba, tsohuwar Bajamushiyar nan mai kaifin baki da aka tsayar wa fansho sai ta kawo shaidar tana raye. Wata biyu tana cin busasshen burodi ba ta gaya wa kowa ba, sai da ka lura ta daina zuwa kasuwar kifi. Ka yi ta zarya da ita tsakanin ofishin gari da banki har sau biyar. A zuwa na ƙarshe ma'aikacin ya ce har yanzu da sauran hatimi ɗaya, ita kuwa tana tsaye a bayanka tana zazzaga maka masifa don ka taka mata ƙafa. Ka dube shi ka ce, "Ɗana, ga ta nan tana zagina tun safe. Wace shaida kake nema da ta fi wannan?" Ya yi dariya har da hawaye, ya tashi da kansa ya je ya samo hatimin.

Lirije ta rasu a watan Afrilun bara. Kullum bayan la'asar kana hawa tudu zuwa maƙabarta, ka zauna kusa da ita ka ba ta labarin gari. A lokacin ne na gane, daga bakinka, cewa izinin zamanka a kan aurenta ya rataya, kuma zai ƙare a ƙarshen Satumba. Ka riga ka bincika komai, kamar yadda ka saba. Za a ba ka sabon izini in mai gidan da kake zaune ya je gaban lauya mai shaida takardu ya sa hannu cewa da yardarsa kake ciki. Gidan har lokacin da sunan mahaifinmu yake, ba mu taɓa raba shi ba, kuma bayan Lirije sa hannuna ake bukata.

A nan ne na yi abin da na yi. Wani ɗan baffanmu, Bashkim, mai dillancin filaye, ya ja ni gefe ya ce kada in kuskura. Wai in na sa hannu ka kafa ƙafa a gidan ke nan, gobe in ka mutu 'yarka Elvira za ta zo daga Sweden ta sayar wa masu gina otal, ni da jikokina mu kwana a titi. Na san ka shekara kusan hamsin. Na san Elvira tun tana zanen goyo. Duk da haka maganar ta shige ni, ta zauna.

Ban taɓa ce maka a'a ba. Da na faɗa ma ya fi, da ka nemi wata hanya tun da sauran lokaci, da ka kama haya a wani gida. A watan Agusta ka kawo takardar ka ajiye a teburina, ka yi ɗan alama da fensir inda zan sa hannu. Na ce bari baƙin bazara su watse. Farkon Satumba ka tuna mini, na ce ina fama da gyaran tankin man zaitun, mako mai zuwa. Karo na uku ka tare ni a ƙofa ka ce, "Sabri ƙanena, kwana tara suka rage." Na ce lauyan ya tafi hutu. Ƙarya na yi. Ka dube ni, ka ce to, ka hau sama. Ba ka sake tambaya ba.

Izinin ya ƙare. Mutumin da ya ƙirga wa rabin baƙin garin nan kwanakinsu ya zauna yana kallon nasa suna wucewa, yana jiran ƙanin matarsa ya dawo hayyacinsa. Ni kuwa na shiga tsinkar zaitun, ina fita da asuba don kada mu haɗu a matakala. Banki ya dakatar da katinka tun da takardarka ta mutu, fanshonka yana shiga amma ba ka iya taɓa shi. Ba ka gaya mini ba. Matata Drita ce ta hau da miya ta tarar kana raba ƙwayar maganin zuciyarka biyu da wuƙa don ta kai ka. Ta sauko ta tsaya a kaina ta ce a shekara arba'in na aurenmu ba ta taɓa jin kunyar zama matata ba sai yau. Na ce mata Litinin zan je.

Kafin Litinin ɗin ka yanke shawara. Ka ce za ka fita ka biya tarar da za a yanka, ka sake shigowa a matsayin mai ziyara, ko banki zai saurare ka. Ka roƙe ni in tuƙa ka don idonka ya fara gajiya da hanya. Ranar Asabar ta ƙarshen Nuwamba muka tafi. Jami'ar shige-da-fice da ke taga a kan iyaka ta san ka sarai, tun da kai ke kawo mata tsofaffi da lissafinsu daidai. Ta buɗe fasfon, ta duba na'ura, ta sake dubawa. Ta ce kwana sittin da ɗaya ka wuce, kuma abin ya fi ƙarfin tara kawai, dole ta rubuta ba za ka shigo ba sai bayan kwana casa'in. Ta ce, "Kawu, ya aka yi haka ta same ka, kai da kanka?" Ka ce, "Tsufa ne, 'yata. Yi aikinki." Ina zaune a gefenka riƙe da sitiyari, na bar ka ka ɗauki laifin.

A Shkodra ka kama ɗaki a gidan wani tsohon tela mai suna Marku. Elvira ta yi ta kira tana kuka ka hau jirgi ka koma Malmö, inda akwai ɗaki mai ɗumi da likitanka. Ka ƙi. Ka ce daga bakin gadar Shkodra in sama ta washe kana hango duwatsun da ke bayan Ulcinj, daga Malmö kuwa ba abin da za ka hango. Ranar Litinin na je wurin lauyan na sa hannu. Ko minti goma sha biyar ba a yi ba. Da na tambaye shi, cikin jin kunya, ko takardar tana ba mutum haƙƙi a gida, sai ya dube ni da mamaki ya ce shaidar mazauni ce kawai, ba ta ba kowa ko bulo ɗaya. Wata huɗu ina gudunka a kan tambayar da ban taɓa yi ba. Muka kai ƙorafi ofishin shige-da-fice, aka karɓa da ladabi, aka ce sai wa'adin ya cika.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci ina tsallakawa da burek, wato gashin fulawa mai nama a ciki da Drita ke yi, da zaitun da magani. Ɗakin yana da sanyi, murhun Marku ba ya kai ɗumi lungun da gadonka yake, amma kullum cewa kake lafiya lau. Tambayarka ba ta wuce biyu: ko na hau tudu na cire ciyawa a kabarin Lirije, da ko an tuna wa Hannelore cewa nata izinin a Janairu zai ƙare. A cikin Janairun ne wata Juma'a na kasa daurewa. Na ce, Yaya, akwai abin da zan gaya maka game da takardar nan. Ka ɗaga hannu ka tsayar da ni.

"Na sani tun Satumba," ka ce. "Bashkim ya gaya wa mai aski, mai aski ya gaya mini. Na ɗauka tsoron zai sake ka kafin kwanakin su ƙare. A nan ne lissafina ya kuskure."

Na tambaye ka me ya hana ka fuskance ni. Ka ce ba ka so in sa hannu don kunya, ka fi so in sa don na yarda da kai. Sannan ka ce in zuba mana kofi kafin ya huce, kuma kada in gaya wa Elvira, don ba ta da wani kawu sai ni. Ban nemi gafararka da baki a ranar ba. Na ce a raina sai ka dawo, mu zauna a gida, in yi ta yadda ya kamata.

Farkon Fabrairu mura ta sauka a ƙirjinka. Kwana biyar ka yi a asibiti. Ranar Talatar ina cikin layin motoci a kan iyaka, da bargo da miyar kaza a kujerar baya, Marku ya kira ni ya ce ka cika. Kwana goma sha bakwai suka rage wa'adin ya cika.

Ranar Alhamis muka dawo da kai. Jami'ar nan ce a bakin aiki, ta fito daga ɗakinta ta tsaya a gefen hanya har motar ta wuce. Aka yi maka salla bayan azahar, aka kwantar da kai a gefen Lirije. Ban taɓa ganin maƙabartarmu ta tara mutane masu harsuna daban-daban haka ba. Hannelore ta hau tudun nan da sanda biyu, ta ƙi yarda kowa ya riƙe ta. Marku ya zo daga Shkodra da jakar takardunka a rungume. Elvira kuwa ta faɗa jikina tana cewa, "Kawu, Allah Ya saka maka, duk Juma'a kana wurinsa." Na karɓi godiyar da ban cancanta ba.

Yaya Ingvar, ka ce kada in gaya mata, kuma wannan shi ne umarninka ɗaya da zan saɓa da gangan. Elvira, abin da kika karanta shi ne gaskiya. Mahaifinki bai yi sakaci da takardunsa ba, bai taɓa yi ba. Ni na riƙe shi da gobe da jibi har ƙofa ta rufe. Rabon mahaifiyarki a gidan nan naki ne, na je an rubuta, ki zauna a ciki ko ki sayar, ba mai ce miki komai. Ban yi haka don ki yafe mini ba. In kin yafe, alherinki ne. In kin kasa, ba zan ga laifinki ba.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka baƙo, nesa da inda aka haife shi, nesa da ɗakin da ya so ya cika a ciki. Ka karɓe shi karɓar da mu muka kasa yi masa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka saka masa da kowane tsoho da ya raka, da kowace safiya da ya ɗauki mahaifiyarmu. Ka haɗa shi da Lirije a cikin rahamarKa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Elvira da mijinta da 'ya'yansu biyu, ga ƙanwarsa Gunnel da ke Malmö, ga Marku da ya riƙe shi kamar ɗan'uwa, da dukan tsofaffin teburin Talata. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa. Ni kuma duk wanda ya ɗaga hannu zai yi wa Suruki addu'a, ina roƙo ya sa ni a ciki, ya roƙa mini gafarar da ban nema ba lokacin da yake iya amsa mini.

Sabri Dervishi, Ulcinj